Hannun Awo

A gidan burodin nan akwai sikeli, amma don ado aka ajiye shi. Yana can saman kanta ya sha ƙurar fulawa har ba a ganin lambobinsa. Duk abin da za a auna, da hannun maigidan ake auna shi, hannunsa na hagu, wanda ya sa tun yana yaro sunansa na yanka ya ɓace, kowa Bahago yake ce masa. Zai cusa hannun cikin kwaɓi ya yanko curi ya jefa a gwangwani ko kallo bai yi ba, kuma in ka kwashi curin ka ɗora a sikeli don neman rigima, ba za ka sami wanda ya fi wani ba. Da bayan hannun yake sanin zafin tanderu. Da shi yake sanin ko ruwan kwaɓi ya yi ɗumin da ake so. Hatta yara in sun tashi da zazzaɓi, matarsa ba ta yarda da nata hannun ba, sai ya zo ya dafa goshinsu.

Ita matar ita ce da kanti, ita ce da ciniki, ita ce da faɗa da masu kawo fulawa. Mace ce mai zafin nama, kuma abu ɗaya ta tsana a duniya: a ce a je a dawo. In ta sauko daga mota da cefane za ka ganta da leda a kowane yatsa, kwali a ka, makulli a baki. Gara yatsun su yi jawur da a ce ta koma sawu na biyu. Mijin ne ya laƙaba mata Sau-Ɗaya, sunan kuwa ya kama ta, har ƙannenta suka ɗauka suna faɗa a bayan idonta.

Da aka ce za a rushe layin shagunansu don a faɗaɗa titi, sun sami wani wuri can ɗaya gefen gari, bayan an gangara an haye gada. Ƙananan kaya duk an kwashe su tuni. Abin da ya rage shi ne masu nauyin: tanderun ƙarfe, wanda ya kai tsayin mutum, da injin kwaɓi, da buhunan fulawa, da tarin gwangwanaye da farantai. Ƙaninta, wanda ake kira Dogo, ya aro musu wata 'yar tirela mai taya biyu wurin abokinsa, irin wadda ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota. Ita tirelar ba ta da birkin kanta, duk inda motar gaba ta tsaya da ita nan take tsayawa. Motar gaban kuwa ita ce tsohuwar a-kori-kurar Bahago da yake raba burodi da ita.

Kada wani ya ɗauka Bahago mai ganganci ne. Wallahi ba shi ba ne. Yana da awon lodinsa da ya gada wurin mahaifinsa, tsohon direba, kuma bai taɓa saɓa shi ba. In an gama lodi sai ya tsuguna gefen tayar baya, ya dunƙule hannun nan na hagu, ya tura shi tsakanin saman taya da bakin bodi. In ya shiga, a tafi. In bai shiga ba, mota ta zauna da yawa ke nan, sai an rage. Sau-Ɗaya ta sha yin faɗa da shi a kan wannan dunƙulen hannu, ta sha cewa wata rana sai ta sa an rage masa ƙiba, amma ko sau ɗaya bai taɓa sassauta mata ba.

Da safe aka fara. Ma'aikatan gidan suka ɗora injin kwaɓi a bayan a-kori-kura, suka jera masa buhunan fulawa a kewaye. Bahago ya tsuguna ya gwada, hannu ya shiga da ƙyar, yana gogar taya. Daga nan aka koma kan tanderu. Aka shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙasa, aka yi ta gangaro da shi a kai ana nishi ana tsokanar juna, har aka hau da shi tirela aka tura shi can gaba, kusa da inda za a haɗa da mota. Da aka sauke bakin tirelar a kan ƙugiya sai motar ta yi wata irin ƙara, bayanta ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama.

Bahago ya tsuguna. Ba dunƙule ba, ko yatsu biyu ba su shiga ba.

"To, shi ke nan," in ji shi yana kaɗe gwiwa. "Sawu biyu ne. A sauke injin da fulawar, in kai tanderu, in dawo."

"Sawu me?"

"Kin ji ni sarai."

"Haba Maigida! Ka je can ƙarshen gari, a nemo masu saukewa, ka dawo, a sake lodi? Yaushe za a haɗa tanderun? Na riga na gaya wa mutane gobe akwai burodi a sabon wuri."

"Sai su yi haƙuri su sha shayinsu haka. Hannu bai shiga ba."

Ta juya masa baya don haushi, kuma a juyawar nan ne ta ga abin da ya jawo komai. Ma'aikata biyu sun gaji sun ɗare can ƙarshen tirela suna shan ruwa, sai ta lura bayan motar ya ɗan ɗago. Ɗaya ya diro, motar ta koma ta zauna. Ya sake hawa, ta sake ɗagowa. Nan take idonta ya yi haske.

"Dogo! Ku kwance igiyar nan. Ku mayar da tanderun baya."

"Baya ina, Yaya?"

"Can bayan tayoyin tirelar. Ku dai tura, za ku gani."

Suka tura. Duk takun da tanderu ya yi baya, sai motar ta ƙara miƙewa, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka. Da ya wuce saitin tayoyin, ta ce a kawo sauran buhunan fulawa da ba su sami wuri ba, a jera su a bayansa, can ƙurya. Aka jera. A-kori-kura ta tsaya cak a miƙe, ka ce babu komai a kanta.

"Bismilla, malam mai awo," ta ce tana riƙe da ƙugu.

Bahago ya tsuguna ya tura hannu. Ya shige sulub, har da sarari a sama. Ya zare, ya kalli hannun, ya sake turawa. Ma'aikata suka kwashe da dariya, Dogo yana tafi yana cewa ai Yaya ta wuce burodi, kamfanin motoci ya kamata su ɗauke ta.

"Ikon Allah," in ji Bahago yana sosa ƙeya. "Kaya bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, amma mota ta huta." Ya ɗan tsaya yana duban tirelar da wani irin kallo. Ya kama bakinta ya girgiza, ya ji ta sakayau a kan ƙugiya. Abin bai kwanta masa ba, ta ga haka a fuskarsa, amma shi mutum ne mai doka ɗaya, kuma dokar ta ce a tafi. "To, hannu ya shiga. Ba ni da ta cewa."

Daɗi ya cika ta. Ba ƙaramin abu ba ne ta ci Bahago da awonsa. Don ta ƙarasa aikin, sai ta kwaso gwangwanaye da farantan nan kaf ta cusa a kujerar gaba, tun daga ƙasa har rufi, ta danna ƙofa da kafaɗa.

"Ke kuma a ina za ki zauna?" ya ce yana dariya. "Kin kori kanki da kanki, Sau-Ɗaya."

"Dogo zai biyo ka da ni a motarsa. Ka dai yi gaba."

A cikin gari komai lafiya lau. Ana tafiya a hankali, ana tsayawa a danja, tirela tana bin mota kamar rainonta aka yi. Sau-Ɗaya tana gaban motar Dogo tana lissafa inda za a sa kanta da inda za a rataye allo. Tana hango hannun mijinta a waje ta taga, kamar kullum, gwiwar hannun a kan ƙofa, yatsu suna kiɗa a jikin ƙarfe. In dai yana tuƙi, haka hannun nan yake zama a waje, ko da sanyi ko da zafi.

Suka fita babban titi, gudu ya ɗan ƙaru. Suka fara gangaren da ke kai wa ga gada. Wata doguwar bas ta zo ta wuce su fuu, ta wuce a-kori-kurar, iskarta ta bugi tanderu a gefe.

Bayan tirelar ya karkata hagu, ya dawo dama.

"Kai," in ji Dogo.

Ya sake zuwa hagu, wannan karon ya fi nisa, ya dawo dama har taya ɗaya ta bar ƙasa. Sau-Ɗaya ta dafe gaban mota. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Tirelar ce yanzu take kaɗa motar. Duk inda ta wurga kanta sai bayan a-kori-kura ya bi, tayoyin baya suna zamewa a kwalta kamar ba su taka komai ba.

"Me ke faruwa? Dogo, me ke faruwa?"

"Innalillahi! Kada ka taka birki, Yaya Bahago, kada ka..."

Jar wutar birki ta kama. Tirelar ba ta san an taka birki ba. Ta taho da dukkan nauyin tanderu da fulawa ta tunkuɗi motar ta gefe, suka naɗe suka haɗa kai da gindi. Sau-Ɗaya ta ga cikin motar mijinta, ƙasanta mai baƙin mai da ba ta taɓa gani ba, ta ga tayoyi biyu a sama suna juyawa. Motar ta faɗi ta ɓangaren direba, ta ja jiki a kwalta da wata ƙara da ta shige mata har haƙori. Sai komai ya yi fari fat. Buhunan fulawa sun fashe, titi ya ɓace, gada ta ɓace, ba a ganin komai.

Ba ta san lokacin da Dogo ya tsaya ba, ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta dai tsinci kanta tana gudu cikin farin nan, takalmi ɗaya a ƙafa, fulawa tana shiga mata hanci da baki. Gwangwanayen burodi suna ta gangarawa kan titi suna ƙara, su kaɗai ake ji. Ta so ta ƙwala masa kira amma murya ta ƙi fita. Ta yi tuntuɓe da wani abu ta faɗi, ta duba, ƙofar tanderu ce.

Gilashin gaban motar ya fita gaba ɗaya. Ta durƙusa ta leƙa. Yana nan kwance a kan ƙofarsa, farantai sun rufto masa, fari tas tun daga gashi har gira, idonsa biyu.

"Maigida."

"Na'am." Muryarsa ƙalau, kamar daga ɗaki ta kira shi. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. "Ke ce? Ba abin da ya same ku?"

"Ba komai. Fito. Miƙo hannunka in ja ka."

Ya miƙo na dama. Ta kama ta ja, bai motsa ba.

"Ɗayan," ya ce. "Ɗayan yana waje."

Ta duba inda kafaɗarsa ta hagu ta nufa. Hannun ya bi ta taga, tagar kuwa tana manne da kwalta, motar da injin kwaɓi da ke ɗaure a bayanta duk suna kansa. Daga ƙarƙashin ƙofar wani abu yana fitowa a hankali yana haɗuwa da fulawa, yana zama ja. Ta kalle shi ta kasa gane mene ne. Hankalinta ya ƙi karɓa. Abin da kawai ya zo mata shi ne an ɓata fulawa.

"Tanderun bai fashe ba?" in ji shi.

"Rufa mini baki da zancen tanderu!" Sai a lokacin muryar ta fito, ta fito da ƙarfin da ita kanta ta tsorata. "Jama'a! Ku taimaka! Mutum ne a ciki!"

Mutane suka taru, masu motoci da masu tafiya a ƙasa. Maza suka jeru suka sa kafaɗa suna cewa a ɗaga, a ɗaga. Motar ta ɗan motsa ta koma, Bahago ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba, wani dattijo ya daka musu tsawa ya ce su bari kada su ƙarasa shi. Dogo yana ta zagaye da waya a kunne yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita kuwa ta kwanta rub da ciki a kan titi, ta shigar da kanta ta inda gilashi ya fita, ta riƙe hannunsa na dama. Tana ta gaya masa ga su nan zuwa, ba ta ma san su wa ba.

Motar janwe, mai jan motocin da suka yi haɗari, ce ta fara isowa, don a gindin gadar take tsayawa kullum tana jiran irin wannan. Mai janwen, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, bai tsaya gaisuwa ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya sa aka yanke igiyoyin injin kwaɓi, ya maƙala sarƙarsa, ya ce kowa ya matsa. Motar ta ɗago a hankali tana kuka. Aka zaro Bahago. Sau-Ɗaya ta kalli hannun sau ɗaya tak, ta kau da kai, ta cire mayafinta ta ba wani ya ɗaure saman gwiwar hannun tamau. Har suka isa asibiti ba ta sake duban wajen ba, fuskarsa kawai take kallo tana share masa fulawa daga gira.

Aka shige da shi ɗakin tiyata aka rufe ƙofa. Ta zauna a benci a baranda, ƙafa ɗaya babu takalmi, jikinta fari kamar an tono ta. Masu wucewa suna kallonta, ba ta san suna yi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, amma cikinta wayam yake. Abu ɗaya take ta juyawa: lafiya lau ake tafiya, ba gudu yake ba, ba wanda ya buge shi, taya ba ta fashe ba. To me ya faru? Dogo ya kawo mata ruwa ta riƙe a hannu har ya yi ɗumi.

Wajen la'asar sai ga mai janwe ya shigo yana waige-waige, riƙe da hular Bahago da wayarsa.

"Hajiya, ke ce iyalinsa? Ga wannan, a cikin motar na tsinta. Ya jikin nasa?"

"Suna ciki har yanzu."

"Allah ya tashi kafaɗarsa." Ya zauna a ƙarshen bencin ya share gumi. Mutum ne mai magana, kuma a cike yake, da gani tun a titi abin yake cinsa. "Wallahi raina ya ɓaci yau. Gangaren nan ba irin abin da ban kwasa ba, amma duk sanda na ga irin wannan lodin sai in ji kamar in kama wanda ya yi shi in yi ta mari. Don Allah su wa suka yi masa lodi? 'Yan dako ya ɗauka a titi?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ita ta ce, "Me ya sami lodin?"

"Me bai same shi ba! Na ga inda igiyoyin suke ɗaure. Tanderu guda, an kai shi bayan tayar tirela, an kuma bi shi da buhuna. Hajiya, tirela nauyinta gaba ake sa shi, ta ɗan danne ƙugiyar mota, shi ne take bin ta sawu da ƙafa. In ka mayar da nauyi baya, bakinta sama yake yi, ya ɗage bayan motar. Tayoyin baya ba su kama ƙasa ba ke nan. A cikin gari ba za ka san komai ba. Ana hawa babban titi, iska kaɗan ta taɓa ta, shi ke nan ta fara kaɗa jela, kuma in ta fara ba mai tsayar da ita sai Allah. Balle a gangare, balle ba ta da birki."

"Amma da aka sa shi a gaba," ta ce, ta ji muryarta kamar ta wata, "motar zama ta yi. Har ƙasa."

"To ai gaskiya ta faɗa muku! Ta ce ya yi mata yawa. Akwai ɗan ƙarfe a jikin ƙofar direba, an rubuta iya abin da za ta ɗauka da iya abin da za ta ja, kuma nauyin da tirela ta ɗora mata a ƙugiya yana cikin lissafin abin da ta ɗauka. Injin nan da fulawa kaɗai sun cika ta. Mota ta buɗe baki ta ce ba za ta iya ba, maimakon a rage mata sai wani mai wayo ya toshe mata baki." Ya yi tsaki ya girgiza kai. "Sawu biyu fa kawai za a yi. Sawu biyu! Da yanzu bawan Allahn nan yana gida yana shan shayi."

Robar ruwan ta suɓuce daga hannunta ta gangara ƙarƙashin benci. Ba wanda ya ɗauko.

Mai janwe ya dube ta, ya dubi Dogo da ya rufe fuska da tafin hannu. Ya gane. Ya miƙe a hankali yana laluben abin da zai ce.

"Hajiya, ki yafe ni. Bakina ne ba shi da linzami. Ƙaddara ce, kowa da tasa."

Ba ta ma ga fitarsa ba. Tana can a bakin tsohon shago da safe, tana riƙe da ƙugu, ana yi mata tafi. Ta ga mijinta ya kama bakin tirela ya girgiza, ta ga kallon da ya yi. Ya sani. Jikinsa ya gaya masa, saura kaɗan ya ce a sauke, ita ce ta ɗaure shi da dokarsa. Tsoro ya kama ta, tsoron kanta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Yaya," in ji Dogo, "ai mu duka muka tura."

"Ni na ce a tura."

Da likita ta fito, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ja ta gefe ta yi mata magana a hankali. Ransa dai an samu, zai tashi, babu abin da ya taɓa kansa ko ƙirjinsa. Hannun ne. Sun yi iya yinsu, amma daga gwiwa zuwa ƙasa babu abin da za a ɗinka a jikin wani. Sau-Ɗaya ta ce to. Likita ta ce ko ta fahimta? Ta ce ta fahimta, ta gode. Har ta tambaya ko za a bar shi ya sha shayi in ya farka. Sai da likitar ta tafi sannan ta sulale ta zauna a ƙasa a tsakiyar baranda.

Sai washegari da hantsi ya farka sosai. An rufe shi da farin mayafi har wuya, an wanke masa fuska, amma akwai sauran fulawa a cikin kunnensa. Tana zaune ta ɓangaren damansa. Tun jiya take shirya yadda za ta gaya masa, ta shirya ta rushe, ta sake shiryawa. Abu biyu ne za ta faɗa, kuma ba ta san wanda za ta fara da shi ba.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya juyo.

"Sau-Ɗaya."

"Na'am, Maigida. Sannu."

"Kin yi wanka kuwa? Kin ga kanki?" Ya ɗan yi murmushi, leɓensa a bushe. "Yara fa?"

"Suna wurin Inna. Lafiyarsu ƙalau."

Ta ga goshinsa ya tattare, irin yadda yake yi in burodi ya ƙi tashi yana neman dalili.

"Ina ta tunani," ya ce a hankali. "Ban yi gudu ba. Wallahi ban yi ba. Kawai ji na yi bayan motar ya zama ba nawa ba, ina juya sitiyari kamar a ruwa. Shekara da shekaru ban taɓa tashi ba sai na auna. Baba ma haka, har ya bar tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba. Na auna jiya, ko? Ko mantawa na yi?"

"Ka auna."

"Kuma ya shiga."

"Ya shiga." Hawayen da suka ƙi zuwa tun jiya suka zo gaba ɗaya. "Ni na sa ya shiga, Maigida. Da farko ai bai shiga ba, ka ce sawu biyu. Ni ce na..."

"A'a, bar wannan, ba abin da nake tambaya ba ke nan." Hankalinsa yana kan lissafinsa, bai ma lura da kukan ba. "Ni dai na san ya shiga. Har da sarari a sama, kin gani da idonki. Yatsun nan ma har yanzu zugi suke mini, ina jin inda taya ta goge ni a gwajin farko. Kin ga, haka fa na yi."

Ta miƙa hannu za ta danne mayafin, ba ta kai ba. Ya riga ya ɗago kafaɗarsa ta hagu don ya gwada mata yadda ya dunƙule ya tura. Mayafin ya zame. Sai a lokacin ya duba.